Sabon Furosesa da Ƙure Maleji: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Shago a Gombe

Sana'ata gyara da haɗa kwamfuta ce a cikin garin Gombe. Da zarar ɗalibai sun dawo hutu, ko kakar bukukuwa ta kama masu tace bidiyo suka fara kukan nauyin aiki, tambaya ɗaya ce take ta zuwa mini daga bakuna daban-daban: in na sa sabon furosesa, zan samu damar tura shi ya yi gudun da ya wuce na kamfani? Furosesa dai shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi. Wannan turawar ita ake kira obakulokin, mu kuwa a shago "ƙure maleji" muke cewa. Na ga mutane da yawa sun zuba kuɗin guminsu a kan fahimtar da ba daidai ba, abin kuma yana damuna, shi ya sa na tattara tambayoyin na amsa su a nan.

Injiniya, wai shi ƙure malejin me ake taɓawa?

Lambobi biyu ne suke ba da gudun furosesa. Akwai bugun tushe, wanda a kwamfutocin zamanin nan 100 MHz ne, akwai kuma lambar ninki. In lambar ninki 35 ce, gudu ya zama 3,500 MHz, wato 3.5 GHz. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga lokacin kunnawa, ka mayar da ita 45, ka koma 4.5 GHz. Sai dai furosesa bai cika yarda ya yi wannan ƙarin gudun da wutar da yake ci a da ba, yawanci sai an ƙara masa ƙarfin wuta, ita kuma wutar zafi take komawa. Duk sauran bayanin da ke ƙasa a kan wutar nan da zafin nan yake yawo.

To in na sayi furosesa mafi girma, damar ƙurewar za ta ƙaru?

Ba dole ba ne, sau da yawa ma raguwa take yi. Abu biyu mutane suke cakuɗawa: gudun da furosesa ya zo da shi, da kuma ratar da ta rage tsakanin wannan gudun da iyakar abin da zai iya. Sabon furosesa kusan kullum yana ba ka na farko. Na biyun kuwa, sababbin sun fi tsofaffin rowa.

Ga misali. A 2011 kamfanin Intel ya fitar da Core i5-2500K. Gudunsa na ƙa'ida 3.3 GHz ne, yana ɗagawa da kansa zuwa 3.7, amma da fanka mai kyau mutane da yawa sun kai shi 4.5 GHz suna aikinsu na kullum a haka. Ƙarin ya haura kashi 20 cikin ɗari, kyauta. Kafin shi ma, a 1998, Celeron 300A mai 300 MHz ana mayar da shi 450, rabin gudunsa ke nan aka ɗora a kai. A wancan zamani kamfani yana barin fili mai faɗi, mai dabara ya shiga ya noma.

Yanzu kamfanin da kansa ya nome filin. Core i9-14900K daga kwali yake taɓa 6 GHz, kuma a rubuce yake cewa yana iya jan wuta har wat 253. Ko ka wahala ka samo ƙarin 200 MHz a kan wannan, bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma ba za ka ji shi a jikinka ba. Furosesoshin yanzu, na Intel da na AMD, suna da na'urorin auna zafi da wuta a cikinsu, suna ɗaga gudu suna saukewa a ƙiftawar ido gwargwadon sanyin da suka samu. Aikin da muke kwana muna yi da hannu shi suke yi da kansu. Har takan kai ga in ka kafe Ryzen, furosesan AMD, a kan gudu ɗaya da hannunka, ka yi asarar ɗagawar da yake yi wa kor (ƙananan injinan aikin da ke cikinsa) ɗaya ko biyu, wasan gem ɗinka ya koma baya maimakon gaba.

Don haka ra'ayina, kuma a kansa nake ba kowa shawara: ka sayi furosesa saboda abin da zai yi maka ranar da ka fitar da shi daga kwali. In daga baya ya karɓi ƙari, gyara ce mai kaya ya ɗora maka. Ba a shiga kasuwa don gyara.

Wuri ɗaya ne amsar take zama "e" kai tsaye: in wanda kake da shi a kulle yake, wato ba a iya taɓa lambar ninkinsa, ka canza zuwa buɗaɗɗe, kuma bod ɗinka, babban allon da furosesa yake zama a kai, ya yarda.

Yaya zan gane a kulle yake ko a buɗe?

A Intel, dubi harafin ƙarshen sunan. In akwai K, kamar i5-9600K ko i7-12700KF, lambar ninkinsa a buɗe take. In babu, kamar i5-10400, yawanci a kulle yake. Amma harafin K shi kaɗai mabuɗi ne ba ƙofa. Ƙofar tana jikin bod, yawanci sai cifset ɗinsa, wato na'urar da ke tafiyar da bod ɗin, ya zama mai harafin Z, irin su Z77, Z97, Z390, Z790. Masu H da B da Q ba don wannan aka yi su ba. An taɓa yin lokaci, wajajen 2013 da 2014, da wasu masu ƙera bod suka buɗe hanya a kan H81 da B85, musamman saboda Pentium G3258, amma ba abin da za ka gina lissafin kuɗinka a kai ba ne.

AMD sun fi sakin hannu. Tun fitowar Ryzen a 2017 kusan duk na tebur a buɗe suke zuwa, kuma bod mai matsakaicin kuɗi irin B350, B450 da B550 ya wadatar. A320 da A520 ne ba sa bari. A kula da Ryzen 7 5800X3D na 2022: duk da ƙarfinsa a gem, an kulle lambar ninkinsa, saboda ƙarin ma'adanar da aka ɗora masa ba ta jure wuta mai yawa. Ka ga nan ga furosesa mai tsada, mai ƙarfi, amma wanda ya koma kansa daga buɗaɗɗen Ryzen 5 5600X ya rage wa kansa damar ƙurewa ne.

Ka sauke CPU-Z, kyauta ce. Za ta faɗa maka sunan furosesa da na bod da cifset ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba.

Oga, tawa kwamfutar ofis ce ta hannu, irin tokumbon nan. In na sa mata mai K fa?

Kada ka yi. Mafi yawan kwamfutocin tebur da suke hannun mutane a Gombe irin waɗannan ne, HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai suka gama da su. Kaya ne masu ƙwari, ina son su, amma an ƙera su ne don su yi shekaru suna aiki shiru a ƙarƙashin tebur. BIOS ɗinsu ba shi da wurin taɓa lambar ninki, fankarsu daidai furosesan da suka zo da shi take, fawa fak ɗinsu, wato akwatin da ke raba wuta, ƙarami ne, wasu ma filoginsa ba irin na kasuwa ba ne balle ka canza.

Akwai wani matashi daga Pantami mai ɗaukar bidiyon biki. Ya shigo shago da la'asar, ya zaro wata 'yar leda daga aljihun gaba, ya warware takardar tishu ninki uku a kan tebur. Core i7-4790K ne, ya yi odarsa daga Legas da kuɗin aiki biyu da ya tara. Kwamfutarsa ta ofis ce mai i5-4570. Ya ce, "Injiniya, an ce wannan yana kai 4.7, a sa mini yau." Na sa masa, ta tashi lafiya. Muka shiga BIOS tare, shafi bayan shafi, yana leƙe ta kafaɗata yana nuna allo da yatsa, babu inda aka rubuta lambar ninki. Da muka sa ta fitar da bidiyo, 'yar fankar ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, zafi ya haura digiri 90. Ya yi shiru, can ya ce, "Ke nan K ɗin banza na saya?"

Ba a banza ba gaba ɗaya, haka na faɗa masa. Ya tashi daga 3.2 GHz zuwa 4.0, ya kuma samu layukan aiki takwas maimakon huɗu, bidiyonsa yana fita da wuri fiye da da. Amma i7-4790 marar K, mai 3.6 GHz, da ya ba shi kusan wannan ribar a kuɗi ƙasa da haka, da zafi ƙasa da haka. Bambancin kuɗin kuwa da ya saya masa ram, ma'adanar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita. Har yau in na tuna yadda ya naɗe tishun nan ya mayar aljihu, sai in ji da ma ya biyo ta shago kafin ya tura kuɗi.

Kowane furosesa zai zauna a bod ɗina?

A'a, kowane zamani da mazauninsa. A Intel, na ƙarni na 2 da na 3 LGA1155, na 4 LGA1150, na 10 da 11 LGA1200, na 12 zuwa 14 LGA1700. Tarkon yana LGA1151: na ƙarni na 6 da 7 da kuma na 8 da 9 duk sunan mazauninsu ɗaya, furosesan zai zauna daram, amma ba zai tashi a bod ɗin ɗayan ba. A AMD, AM4 ya daɗe yana karɓar zamani bayan zamani, sai dai tsohon bod yakan buƙaci a sabunta BIOS kafin a cire tsohon furosesa. Ka duba jerin da mai bod ya wallafa tukuna.

Na gani a YouTube wani ya kai irin nawa 5 GHz kuma zafinsa 80 kawai. Me ya sa nawa yake kashe kansa?

A nan gizo yake saƙar, kuma shi ne abin da masu bidiyon waje ba za su faɗa maka ba domin ba damuwarsu ba ce. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin take ɗiba ta hura wa ƙarfen da ke kan furosesa, saboda haka zafin ɗakinka shi ne matakalar farko. Mutumin da ka kalla yana zaune a ɗaki mai digiri 22 ko makamancin haka. Kai kuwa a watan Afrilu, a shago mai rufin kwano a Jekadafari ko Bolari, ƙarfe biyu na rana, ɗakin yana iya kai 38. Bambancin digiri 16 ɗin nan kai tsaye yake hawa kan furosesa. Tamanin ɗinsa ta zama 96 a wurinka. Yawancin na Intel a wajen digiri 100 suke fara rage gudu da kansu don kada su lalace, Ryzen 7000 kuma a 95. Sai ka ga mutum ya ƙure maleji a BIOS, amma a aikace kwamfutar tana tafiya ƙasa da yadda take kafin ya taɓa ta.

Kuma zafin ba a hankali yake hawa ba. Wutar da furosesa yake ci tana bin gudu sau ɗaya, amma tana bin ƙarfin wuta sau biyu. A ce ka tashi daga 4.0 zuwa 4.5 GHz, ka kuma ɗaga wuta daga bolt 1.20 zuwa 1.35. Gudu ya ƙaru da kashi 12.5 cikin ɗari, zafin da za a kwashe kuwa ya ƙaru da kusan kashi 42. Babban furosesa mai kor da yawa abin ya fi muni a kansa, domin tun asali murhunsa ya fi girma. Wanda ya sa i9 a ƙarƙashin fankar i5 kamar wanda ya ɗora injin tirela ne ya bar lagireton ƙaramar mota, kafin ya fita daga gari ruwa ya tafasa.

Ni kaina ina da tsohuwar kwamfuta mai 2500K a shago. Wata shekara cikin Disamba na saita ta a 4.5 GHz, na gwada ta kwana guda, ko gezau. Ƙarshen Maris ta fara tsayawa cak da rana tsaka, da daddare kuma lafiya lau. Na sauke ta zuwa 4.2, tun daga nan ba ta sake ba. Darasin da na ɗauka: a garin nan da bazara ake gwaji. Abin da ya tsaya a Afrilu zai tsaya duk shekara.

Sai ƙura. Hunturu yana ba mu sanyi amma yana karɓar ladansa. In na buɗe kwamfutar da ta yi shekara ba a share ba, tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen nakan tarar da ƙura ta daskare kamar bargo, da yatsa biyu nake ɗago ta falle guda. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe yana marmashewa kamar tsohuwar laka. A hure da bulowa, a goge, a sa sabon mai gwargwadon ƙwayar wake. Na sha ganin wannan kaɗai ya dawo wa kwamfuta da gudun da mai ita yake shirin saye da kuɗi.

Ni da abokina furosesa iri ɗaya muka saya, nasa ya kai 4.8, nawa ya ƙi wuce 4.5. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba. Ko daga faranti ɗaya aka yanko su, babu biyun da suke fitowa daidai, kamar 'ya'yan mangwaro a reshe ɗaya. Kamfani abin da ya rubuta a kwali kawai ya yi maka alkawari. Abin da ya haura wannan rabo ne, kuma sayen wani sabo ba ya tabbatar da cewa rabonka zai fi.

Wutar janareta ko sola tana da tasiri?

Sosai. Furosesan da aka ƙure yana tafiya ne a bakin gaɓa, ɗan tangal-tangal ɗin wuta ya isa ya ture shi. Fawa fak mai arha wanda aka rubuta masa wat 500 alhali ba ya iya bayarwa shi ne farkon abin da yake mutuwa, wani lokaci ya tafi da bod. A jikin bod ɗin kuma, gefen furosesa, akwai wasu ƙananan na'urori da suke sauke bolt 12 zuwa ɗaya da 'yan kai. A bod mai arha tsirara suke, babu ƙarfen sanyaya a kansu, kuma su ma suna gasuwa. Ka nemi fawa fak na kirki da UPS kafin ka yi zancen lambar ninki. In kuma a kan batir da inbata kake aiki, ka tuna ƙarin wutar nan daga batirinka za ta fita, dare ya raba ya bar ka.

Laftof fa?

Ka bar ta yadda take. Daga wajajen 2015 kusan duk furosesan laftof a like yake da bod da dalma, ba a cire shi. Masu harafin HK ko HX a ƙarshen suna kaɗan ne suke karɓar ƙari, su ma zafi ne yake tare su.

Zai iya ƙonewa? Garanti fa?

Ƙonewa farat ɗaya ba ta cika faruwa ba, tunda yana kare kansa daga zafi. Abin tsoro shi ne ci a hankali: wuta mai yawa tare da zafi tana cinye shi ta ciki, bayan watanni gudun da yake riƙewa a da ya fara gagararsa. A 2024 Intel da kansu suka tabbatar cewa wasu furosesoshinsu na tebur na ƙarni na 13 da 14 suna samun matsala saboda wutar da suke nema ta yi yawa, suka fitar da gyara ta hanyar BIOS, suka kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Waɗannan ba ma sai mai su ya taɓa komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda sababbin suke zuwa dab da iyakarsu. Mai irinsu ya sabunta BIOS, kuma abin da ya fi amfanarsa shi ne rage wuta kaɗan, ba ƙarawa ba.

Garanti kuwa, Intel da AMD duka sun rubuta cewa ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙure maleji ya jawo. Mu da yawancin kayanmu na hannu ne, garantinmu bai wuce 'yan kwanakin gwajin da mai kaya ya bayar ba.

Malam, ni hotuna da bidiyon biki nake tacewa, kuɗina kaɗan ne. Ina zan sa su?

Hajiya, ki fara da faifai. In har yanzu mai juyawa ne a ciki, ki sa SSD, ma'adanar fayil marar juyawa, ranar za ki ga bambanci tun daga kunnawa. Sai ram: ki kai shi 16 GB, kuma sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin hanya biyu suke buɗewa. In bod ɗinki yana da saitin gudun ram da ake kira XMP, ko EXPO a sababbin AMD, ki sa a kunna miki, domin ram da yawa yana zaune ƙasa da gudun da aka rubuta a jikinsa har sai an kunna. Bayan waɗannan, in har yanzu fitar da bidiyo yana cin lokaci, sai a duba furosesa mai kor da yawa wanda bod ɗinki zai karɓa, a bar shi a gudun kamfani. Aikin amarya ba ya son kwamfutar da za ta tsaya saura minti biyu a gama.

Ina da K, ina da Z, ina da babbar fanka. Ta ina zan fara, kuma in allo ya yi baƙi fa?

Ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri tukuna. Ka buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi, ka gudanar da manhajar gwaji ta Cinebench a gudun kamfani, ka rubuta maki da zafi a takarda. In tun a nan zafi ya haura 85, tsaya, fankarka ba ta da sauran wuri. In da sarari, ƙara lambar ninki da ɗaya, ka gwada da manhajar OCCT ko Prime95 na rabin awa, in ta tsaya ka rubuta lambar, ka sake ƙara ɗaya. Inda ta fara faɗuwa, ko ka ɗan ɗaga wuta da bolt 0.02, ko ka koma baya taki ɗaya, ni na fi son komawa baya. Kada ka bar wuta a kan zaɓin da bod yake yi da kansa, yakan zuba fiye da kima. Mai Ryzen kuwa ya kunna PBO, saitin ɗaga gudu na AMD, ya bar furosesan ya nemi iyakarsa. Gwajin ƙarshe ya zama na sa'o'i, da rana, a ɗakin da kwamfutar za ta zauna.

In ka ajiye saiti ta ƙi tashi, fanka tana juyawa allo baƙi, kada hankalinka ya tashi. Zare wayar wuta daga bango, buɗe murfin gefe, nemi ɗan batirin nan mai kama da kwabo a jikin bod, CR2032 aka rubuta a kansa. Danna ɗan maƙallin gefensa ya fito, jira minti biyar, mayar da shi fuskar rubutun tana sama. BIOS zai koma yadda ya zo daga kamfani, sai ka gyara kwanan wata da agogo, ka koma lambar ƙarshe da ka rubuta a takardarka.